Zauren Lauya: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Tsarin Mulki da Doka

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili tun bayan fitowar da ta gabata sun karkata ne ga kalmomin da muke ji kullum a rediyo idan ana zancen majalisa ko kotu, kalmomin da kunne ya saba da su har mutum ya ɗauka ya san ma'anarsu, sai ranar da magana ta faɗo a kansa ya ga ashe da saura. Na zaɓi guda shida, kuma kamar yadda muka saba, gari ko sana'ar mai tambaya kawai muke bugawa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa. Ɗalibaina sun tambaye ni bambancin da ke tsakanin kundin tsarin mulki da doka da ƙuduri, da kuma abin da iyayensu ke kira dokar soja. Na ba su amsa, amma ni kaina ban gamsu da ita ba.

Wa alaikumus salam, Malam. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye su wa ya haifi wa. Majalisa ita ke haifar doka, amma ita kanta majalisar kundin tsarin mulki ne ya haife ta, kamar yadda ya haifi kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna da kotuna. Sashe na 4 na kundin 1999 ya damƙa ikon yin doka ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, sashe na 5 ya damƙa ikon zartarwa ga shugaban ƙasa da gwamnoni, sashe na 6 kuma ya damƙa ikon shari'a ga kotuna, wannan shi ne rabon iko da ke cikin littafin da kake koyarwa da shi. Saboda haka ne sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta ɓaci gwargwadon karon da ta yi. A lura da kalmar gwargwado, domin sau da yawa kotu kan soke sakin layi guda ne ta bar sauran dokar tana aiki.

Ƙuduri kuwa shi ne inda kafofin labarai suka fi rikita jama'a, don abu biyu suke kira da wannan suna. Na farko shi ne ƙudurin doka, wato daftarin da ake so ya zama doka, wanda sai an yi masa karatu uku a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sun amince da lafazi iri ɗaya, sannan a kai wa shugaban ƙasa, shi kuma yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisun biyu suna iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a shekarar 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Na biyu shi ne matsayar da majalisa kan cimma bayan wani ɗan majalisa ya gabatar da koke, irin wadda za ka ji an ce majalisa ta umarci ma'aikata kaza ta gyara hanya kaza. Wannan ba doka ba ce. Kira ne mai nauyin siyasa, ministan da ya yi kunnen uwar shegu da shi ba a iya gurfanar da shi a kotu a kan haka kawai.

Dokar soja kuma ta kifar da wannan jeri ne gaba ɗaya. Abu na farko da sojoji kan yi bayan juyin mulki shi ne su dakatar da sassan kundin da suka tsare musu hanya, su ce daga yau dokarsu ce a sama. A shekarar 1970 Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin ja da wannan a shari'ar Lakanmi, inda ta ce ƙwace dukiyar mutum da dokar soja ba tare da shari'a ba ya saɓa wa kundin 1963, sai gwamnatin Janar Gowon ta fitar da doka ta 28 ta wannan shekara ta shafe hukuncin. Iyayen ɗalibanka wataƙila doka ta 2 da ta 4 ta shekarar 1984 suke tunawa, waccan ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, wannan kuma da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor.

Akwai wani abin da ya kamata ka gaya musu ko da ba su tambaya ba. Kundin da muke aiki da shi ya buɗe ne da cewa mu al'ummar Tarayyar Najeriya muka yi wa kanmu shi, alhali dokar soja ta 24 ta 1999 ce, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar, ta kawo shi, ya fara aiki ranar 29 ga Mayun wannan shekara ba tare da an yi masa ƙuri'ar raba-gardama ba. Masu sukar haihuwarsa suna da gaskiya, sai dai a ganina sukar ba ta rage masa ƙarfi a gaban alƙali, kuma zaɓaɓɓun majalisu sun yi ta yi masa gyara tun daga 2010. Gyaran nan da gangan aka tsananta shi. Sashe na 9 ya buƙaci kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa, wato sanata 73 cikin 109 da wakili 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, idan kuma babin haƙƙin ɗan Adam za a taɓa, sai an sami kashi huɗu bisa biyar a Majalisar Tarayya. Da wannan hanya aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018, kuma a bakin wannan ƙofa ce yunƙurin tazarcen Obasanjo ya mutu a Majalisar Dattawa ranar 16 ga Mayu, 2006.

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Damagaram. Tun da aka jingine kundinmu na 2010 nake tambayar kaina, shin ƙasa tana iya zama ba kundin tsarin mulki?

Alhaji, ba kundi tana iya zama, amma ba tsari ba ta iyawa. Birtaniya har gobe ba ta da littafi guda da za a ɗaga a ce ga kundinta, tsarinta a warwatse yake cikin dokokin majalisa da hukunce-hukuncen kotu da al'adun da aka gada, wasu tun daga yarjejeniyar da manyan ƙasar suka tilasta wa sarkin Ingila a 1215. A wajenku kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 an yi ta mulki da dokokin majalisar soja, har zuwa Maris na 2025 da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa wanda ya tsaya a matsayin babbar doka.

Abin da masana ke nufi da mulkin tsarin mulki ya wuce mallakar littafi. Ma'anarsa ita ce mai mulki yana da iyaka, kuma akwai wanda zai ce masa tsaya ya tsaya. Ku mutanen Nijar kun ga gwajin wannan da idonku a 2009, lokacin da Shugaba Tandja ya nemi tazarce alhali kundinku na 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba-gardamar da ya kira ba ta halatta ba, sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun, aka kaɗa ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, kafin sojoji su kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu, 2010. A duk tsawon waɗannan watanni akwai kundi a rubuce a Yamai.

Tambaya: Barista, ni matar aure ce, ina sana'ar ɗinki. Ƙanin maigidana ya ci bashin wani ɗan kasuwa ya bar gari, sai aka zo da 'yan sanda aka tafi da maigidana, aka ce sai ƙanin ya fito. Yau kwanansa huɗu a tsare. Na je belinsa an ce mace ba ta tsayawa beli, kuma an yanka mana kuɗi. Me doka ta ce?

Hajiya, Allah ya kawo mafita. A cikin wannan gajeriyar wasiƙa taki na ƙirga abubuwa biyar da suka saɓa wa doka, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya domin na san ba ke kaɗai ce za ki amfana da amsar ba.

Kama mutum a madadin ɗan'uwansa haramun ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana shi a sashe na 7, jihohi sun yi nasu makamantanta, kuma dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a ko'ina yake a ƙasar nan, ta sake hana shi a sashe na 36. Laifi a doka na mai shi ne, ba a gadonsa, ba a kuma karɓar jingina da mutum. Sannan shi kansa bashin, in dai bashi ne na ciniki da aka kasa biya, ba damfara ba, magana ce tsakanin mutum da mutum, wadda ake kai wa kotu a nemi haƙƙi. Dokokin nan biyu duka sun hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai, kuma kotuna sun sha nanata cewa ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Ke nan ko ƙanin ne da kansa aka samu, akwai magana.

Batun kwana huɗu kuwa kundin tsarin mulki ne da kansa ya yi magana a kai. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa, kuma dole a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, idan babu kuma cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu za ta ga ya dace. An yi togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, amma maigidanki ba a ma zarge shi da komai ba. Duk tsarewar da ta wuce wannan wa'adi sai da umarnin alƙali.

Cewa mace ba ta tsayawa beli tsohuwar al'ada ce ta caji ofis da ba ta da tushe. Dokar 2015 ta faɗa ƙarara a sashe na 167 cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kasancewarsa mace, sashe na 42 na kundin kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila. Kuɗi kuma, a bangon ofisoshin da yawa za ki ga an manna takarda da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, wani lokacin a daidai saman kan mutumin da ke yanka miki farashi. Ma'anar beli a wurin 'yan sanda ita ce alkawari, kin sa hannu cewa za ki kawo shi ranar da aka neme shi, adadin da aka rubuta a takardar kuma sai in ya gudu ne ake bin ki shi.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki rubuta ranar da aka kama shi da lokacin da sunan ofishin, ki sami wani dattijo daga danginsa ku nemi ganin baturen 'yan sandan yankin da kansa, domin sau da yawa abin da ake yi a kanta bai kai kunnensa ba, ko kuma ya kai amma ba ya son a ce ya sani. Ku yi magana cikin ladabi, ku ambaci kama mutum a madadin wani. Idan hakan bai yi ba, ki je ofishin hukumar ba da taimakon lauya kyauta ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke babban birnin jiharku. Sashe na 46 ya ba da damar kai ƙara Babbar Kotu a kan take haƙƙi, ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 kuma sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare, wato ke ma kina iyawa. Kundin ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin a biya shi diyya, a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a. Ba zan ɓoye miki ba, karɓo diyyar nan daga hannun hukuma aiki ne mai cin rai da lokaci, amma abin da na sha gani shi ne takardar lauya kaɗai takan buɗe ƙofar da kwana huɗu na roƙo bai buɗe ba.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya. Mene ne rigar kariya, kuma gaskiya ne sanatoci da sarakuna ma suna da ita?

Ba gaskiya ba ne. Sashe na 308 mutum huɗu kawai ya ambata: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Muddin suna kan kujera ba a kama su, ba a ɗaure su, ba a kai su ƙara a kan abin da ya shafe su su kansu, ko na laifi ko na haƙƙi. Sanata da ɗan majalisa kariyarsu ta tsaya ne a kan maganar da suka yi a zauren majalisa ko a kwamitinta, shi ya sa aka iya gurfanar da Bukola Saraki a kotun ɗa'ar ma'aikata a 2015 yana shugaban Majalisar Dattawa, har Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018. Minista da alƙali da sarki duk ba sa cikin jerin.

Rigar ma ba ta rufe ko'ina ba. Ana kai gwamna ƙara da sunan ofishinsa, ana ƙalubalantar zaɓensa a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kuma a 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce ana iya binciken gwamna yana kan mulki, gurfanarwa ce kawai sai ya sauka. Jinkiri ne ke nan, ba yafiya ba. Tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, an yanke musu ɗauri a 2018 bayan sun tuɓe rigar, ko da yake a 2022 an yi musu afuwa da ikon da sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa, wanda shi ma wani babi ne da ya cancanci fili na kansa.

Tambaya: Barista, mu 'yan wata ƙungiyar matasa ne a Gombe. Muna jin ana cewa za a tsige wane, za a yi wa wane kiranye. Duk abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana ga wanda wuƙar ke hannunsa. Tsigewa aikin majalisa ne a kan shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu. Kiranye kuwa aikin masu zaɓe ne a kan ɗan majalisar da suka tura.

Sashe na 188 ya shimfiɗa matakan tsige gwamna dalla-dalla. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargin babban laifi, a ba gwamna kwafi, cikin kwana 14 kashi biyu bisa uku na dukan 'yan majalisar su amince a bincika, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan jam'iyya ba, gwamna ya kare kansa a gabansu, su miƙa rahoto cikin wata uku. Idan sun ce zargin bai tabbata ba, magana ta mutu a nan. Idan sun ce ya tabbata, sai kashi biyu bisa uku sun sake amincewa sannan ya sauka. Inda gizo ke saƙar shi ne kundin ya bar wa majalisa ta fassara abin da take gani babban laifi ne, wannan ya sa tsigewa ta fi kama da lissafin kujeru fiye da shari'a. Gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan, Alhaji Balarabe Musa na tsohuwar jihar Kaduna, ɗan jam'iyyar PRP ne a gaban majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye, majalisar da ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta sauke shi ranar 23 ga Yuni, 1981, kotuna kuma a lokacin suka ce kundin ya hana su sa baki.

Wannan matsayi ya sauya a 2006. 'Yan majalisar Oyo 18 cikin 32 sun taru a wani otal a Ibadan suka fara shirin tsige Gwamna Rashidi Ladoja, sai Kotun Ƙoli a watan Disambar wannan shekara ta ce hanin da aka yi wa kotu yana aiki ne kawai idan majalisa ta bi matakan da kundin ya gindaya, zaman otal kuma ba zaman majalisa ba ne, Ladoja ya koma kujerarsa. Murtala Nyako na Adamawa, wanda aka tsige a 2014, shi ma kotu ta ce an yi ba daidai ba, amma hukuncin ya zo bayan wa'adinsa ya ƙare, bai koma ba.

Kiranye yana sashe na 69 ga 'yan Majalisar Tarayya da na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin dukan masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90. Ku lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, a ƙasar da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 bai tara ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a wurin tantancewa ya ruguje a 2018. Idan ƙungiyarku tana da wannan niyya, ku fara samo adadin masu rajistar mazaɓarku ku raba shi biyu, ku dubi lambar da kyau kafin ku buga takardar koke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga ƙasar Haɗeja. Mun yi shari'ar gadon gona da 'yan'uwana a kotun shari'ar Musulunci, ban gamsu da hukuncin ba. Wani ya ce mini hukuncin alƙalin Musulunci ba a ɗaukaka shi. Haka ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka haka bai faɗa maka daidai ba. Kotunan shari'ar Musulunci suna cikin jerin kotunan ƙasa ne, kuma tsani ɗaya ake hawa har Abuja. Daga ƙaramar kotu ana zuwa babbar kotun shari'ar Musulunci, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, wadda kuma sashe na 275 na kundin ya ba kowace jihar da ke bukata damar kafawa. Wanda bai gamsu ba yana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, inda kundin ya wajabta cewa alƙalai aƙalla uku masana shari'ar Musulunci ne za su zauna a kan irin wannan ƙara, daga can kuma sai Kotun Ƙoli.

Abin da nake so ka kula da shi shi ne kalmar hurumi, wato iyakar abin da doka ta yarda kotu ta saurara, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar shekaru. Sashe na 277 ya lissafa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci: aure da rabuwarsa, dangantaka, riƙon yara da marasa hankali, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Idan rigimarku ita ce wa zai gaji gonar marigayi kuma nawa ne rabon kowa, to can ne hanyarka. Amma idan asalin rigimar ita ce wani yana cewa gonar ba ta marigayin ba ce, shi ya saya ko jingina aka ba shi, to kotunan sama sun sha yanke cewa wannan rigimar mallakar ƙasa ce, Babbar Kotun Jiha ake ɗaukaka ta. Kotu kan duba abin da mai ƙara ya nema tun a zaman farko ne don ta gane wace iri ce. Hukuncin da aka yi ba hurumi kuwa, komai kyansa, rushe shi ake yi a ce a koma a faro daga tushe, ko da an shekara goma ana tafiya.

Don haka kafin ka yi komai, ka je wurin magatakardar kotun da ta yi muku shari'a ka biya kuɗin kwafin shari'ar, ka karɓi rasit, ka kai wa lauya ko masani ya karanta yadda aka rubuta da'awar a shafin farko. Kada ka bari sai bayan girbi, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, a ƙananan kotuna gajere ne ƙwarai, wanda ya makara kuma sai ya fara roƙon kotu ta ƙara masa lokaci tare da kawo dalilin jinkirinsa, kuma kotu tana iya ƙi.